Likitan da Ba Ya Riƙe Wuƙa

'Yan'uwa manoma, akwai maganar da nakan ji a bakin mutanenmu in sun komo daga asibiti. Sai mutum ya ce, "Na yi hasarar kuɗin mota. Likitan nan tambaya kawai ya yi ta yi mini, ya danna cikina, ya saurari ƙirjina, ko allura bai yi mini ba." A ganina wannan mutum ya gamu da likitan da ya dace da shi, bai dai sani ba.

A babban asibiti likitoci kashi-kashi ne. Akwai na fiɗa, da na mata, da na yara. Akwai kuma likitan cututtukan cikin jiki na manya, wanda ya ƙware a kan zuciya, huhu, hanta, ƙoda da jini. Shi ba ya yanka. Aikinsa ya gano ainihin ciwo tukuna, sa'an nan ya ba da magani.

Ku da kanku kun san wannan aiki. In ganyen masara ya yi rawaya, ba a cewa rashin taki ne nan take. Wataƙila ruwa ne ya kwanta, wataƙila wuta-wuta ce ta kama saiwa. Sai an tona an duba. To, haka kumburin ƙafa yake. Yana iya fitowa daga zuciya, ko ƙoda, ko hanta, kuma kowanne da nasa magani. Mai sayar da ƙwaya a kasuwa kumburin kaɗai yake gani.

Ga abin da tambaya ta taɓa ganowa a ƙasarmu. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, likitoci sun lura da mata da yawa da zuciyarsu kan gaza bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi diddigin yadda masu jego suke zama a gida, suka buga bincikensu a 1978. Sun nuna cewa yawan shan kunun kanwa, da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, suna ƙara wa zuciyar mai jego nauyi, gama kanwa ɗan'uwan gishiri ne, yana tara ruwa a jiki. Ba shi ne dalili kaɗai ba, amma wuƙa ba za ta taɓa gano wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini. Mutum yana iya yin shekaru da shi yana noma, yana cin tuwonsa, ba ya jin kome. Rana ɗaya sai ya faɗi a kunya, ɓarin jiki ya shanye, a ce jifa ne ko iska. Alhali awon minti biyu a dantse zai nuna shi. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, to, akwai magana. Maganinsa kuwa ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a huta. Yawanci kullum ne, likita yana dubawa yana gyara yawansa. Da yawa sukan bari da zarar sun ji sauƙi, nan ne ɓarna take shigowa. Ciwon sukari ma haka yake.

Sai kuma ƙwayoyin ciwon jiki da muke haɗiya bayan huɗa, irin su ibufurofen da diklofenak. Suna kashe zafi, gaskiya ne. Amma shansu kullum yana ƙwarzane ciki, yana raunana ƙoda, yana kuma ƙara hawan jini. Tarin da ya wuce mako biyu shi ma kada a tsaya a kan ruwan maganin tari. A kai kaki a gwada. In tarin fuka ne, maganinsa wata 6 ne, kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya.

Na san abin da za ku ce: irin waɗannan likitoci a birni suke, ga nisa, ga kuɗi. Hakika haka ne. Amma ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki da na feshi ba za ta kasa sayen na'urar awon jini guda ɗaya ba. Malamin asibitin ƙauye zai iya koya wa mutum biyu yadda ake aunawa, a rubuta a littafi kamar yadda muke rubuta bashi. Wanda awonsa ya hau, a kai shi wurin malamin, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ba shi takarda zuwa babban asibiti. Mai tafiya ya riƙe tsohon katinsa da kwalayen duk magungunan da yake sha, har na gargajiya ya faɗa, kada ya ɓoye.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana a taron bayan girbi, tun hatsi yana hannu. Kowane mamba ya ba da mudu ɗaya ko biyu don kuɗin na'urar da na motar marar lafiya, a kuma fara awon da 'yan kwamiti.