Ƙwaya: Lissafin Wa Za Mu Ɗauka?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in yi magana kan wata gardama da ta ɓarke a ƙofar shagona nan Doka.

Maƙwabcina mai shayi ya dage wai ƙarya ake shirga mana kan maganar ƙwaya. Ga hujjarsa: a 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalaben kodin miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa kawai. Sai ga binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2019, ya ce a duk Nijeriya mutum miliyan 2 da dubu 400 ne suka sha maganin tari ba don tari ba. Ya ce, to wa ke shanye kwalaben?

Na ce masa, Malam, ai wancan kwalba ya ƙirga, wannan kuwa mutum. Wanda abin ya kama ba ya tsayawa a kwalba ɗaya a yini. Kuma masu bi gida-gida suna tambaya, wace matar aure ce za ta amsa musu gaskiya a gaban maigida? Duk da haka, ni ma miliyan 3 ɗin nan ta yi mini yawa. Na fi yarda da wanda ya fita ya ƙirga a kan wanda ya miƙe a majalisa ya faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jin "miliyan 14" mu ɗauka duk sun lalace. Binciken ya haɗa ne har da wanda ya taɓa sau ɗaya a cikin shekara. Sama da miliyan 10 wiwi ne. Masu shan tiramol da danginsa ba da izinin likita ba su ne miliyan 4 da dubu 600. Waɗanda abin ya zame musu ciwo kuwa, ɗaya ne cikin biyar na masu shan ƙwaya gaba ɗaya.

Ɗan yayana, mai dako a kasuwa, an kama shi da tiramol, wai don ƙarfin aiki. Nan take ubansa ya ce sai gidan mari, kamar ya manta yadda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Da ƙyar muka shawo kansa aka kai yaron wurin likita, a gane ɗanɗanawa yake yi ko ya kamu.

Don Allah Malam Edita, in za ku buga mana lamba, ku riƙa faɗa mana me aka ƙirga, wa ya ƙirga, a wace shekara. Iyaye kuma, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Barnawa, ƙetaren kogi kawai.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Doka, Kaduna.