Kada Mu Raba Yaranmu Da Lissafi

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan wata sana'a da ta kunno kai a duniya, wato binciken sabuwar na'urar nan da ake kira kwamfutar kwantam. Ni manomi ne mai ɗan tireda, iyakata firamare. A rediyo na ji batun, ɗana mai karatun lissafi a jami'a ya ƙara mini haske.

Ashe kuɗin da muke turawa ta waya, da lissafi ake kulle su. Wani makullin, manyan lambobi biyu ake ninkawa, mai son ɓalle shi sai ya gano su, kwamfutar yau kuwa sai ta shekara dubbai tana lalube. To, a 1994 wani masani ɗan Amurka, Peter Shor, ya tsara dabarar da kwamfutar kwantam za ta bi ta gano su da sauri. Abin mamaki, a lokacin ba a ma ƙera na'urar ba, da ƙwaƙwalwa da alƙalami ya yi aikinsa. Har yau babu mai ƙarfin ɓalle makullin, amma a 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin tsare-tsaren kullewa guda 3 don rigakafi.

Aikin iri biyu ne. Akwai masu ƙera na'urar, irin su Google da IBM. Wannan sai mai hannu da shuni, don nasu sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifiri. Akwai kuma masu tsara dabarun, su jarinsu lissafi ne, kuma tun 2016 IBM ta buɗe ƙofa a gwada na'urarta ta intanet. Nan ne ɗan talaka ke da rabo. Ghana ta farga, don ita ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 ga wannan ilimi.

Wallahi ni kaina na taɓa niyyar cire yaron nan daga makaranta ya tsare mini tireda, malaminsa ya hana ni. Ban ce hanyar gajera ce ba, yawancin masu binciken sai sun kai digiri na uku. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yan'uwana manoma da 'yan tireda, mu bar yara su yi karatu, hukuma kuma ta wadata makarantun ƙauye da malaman lissafi. Allah Ya sa mu gane.

Naka,
Wani manomi mai tireda.