Cinyar uwa ba kujerar mota ba ce

Yau zancen jarirai ne cikin mota.

Mun saba, in maijego za ta Gure ko Damagaram, sai a ba ta gidan gaba don girmamawa, jariri bisa cinya. Niyya mai kyau ce, amma in direba ya taka birki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe yaro. Kan jariri na da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, shi ke fara tafiya gaba.

Shi ya sa a Turai ƙa'ida ta ce kujerar jariri ta dubi baya har ya cika wata 15. A Suwidin ma sai wajen shekara 4 ake juya ta.

To, ƴan uwa masu ƙaramar mota da suka sayo kujerar, a ɗaure ta a baya, kar a yi gaggawar juya ta don ganin fuskar yaro. Mu da ba mu da ita, in motar na da kujerun baya, maijego ta zauna can. Ɗora yaro bisa tankin moto kuwa, don Allah mu bari.

Allah ya raya mana su.