RAƘUMI YAKAN YI RURI, JIRGI BA YA YI

Mutumin Bune ba ɗan ruwa ba ne. Ƙasar Muniyo ƙasa ce ta tudun rairayi da kwaruruka, ta dabino da goriba, ta kanwa da gishiri, kuma abin ɗaukar kaya da kakanni suka bari shi ne raƙumi da jaki da takarkari. Amma neman abinci ba ya tambayar inda aka haifi mutum. Tun da daɗewa ƴan kasuwar gundumar Gure suke bin hanyar kudu zuwa Nguru da Gashuwa, ko su bi kwalta ta gabas, ta Gudumariya da Maine-Sorowa, zuwa Difa da Boso da Ngigmi, wajen sayen bandar kifi da tattasai. A can ne wani yakan ga jirgin katako mai inji yana shigo da kuɗi, sai ya zuba jarinsa a ciki. Har ma'aikacin gwamnati yakan haɗa adashinsa ya saya, ya damƙa wa matuƙi, shi kuwa ya komo gida yana jiran lissafi. To, wannan mai jirgi da yake zaune a tudu, shi filin na wannan mako ya nufa.

Duk wanda ya taɓa ɗaura wa raƙumi kanwa ya san ƙa'ida biyu: kayan dama da na hagu su zo daidai, kuma kada a wuce abin da dabba take iya ɗauka. In an wuce, raƙumi yakan yi ruri, ya ƙi tashi, har sai an rage. Jirgi ba shi da wannan baki. Ko nawa aka zuba masa karɓa yake yi, ko katakonsa ya ruɓe ba ya faɗa, sai ranar da ya kai tsakiyar ruwa. Saboda haka aikin mai jirgi shi ne ya koyi gane abin da jirgi ba ya faɗa.

Sana'ar kuwa tsohuwa ce a wannan yanki. A cikin shekara ta 1987 wani makiyayi mai haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana cikin jihar Yobe, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana suka auna shekarunsa wajen 8.000. Haka kuma a 1851 Baturen nan Overweg ya shiga tafkin Cadi da wani jirgi da aka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus. Abokin tafiyarsa Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ne ya ratsa Bune da Gure a watan Disamba na 1852, a hanyarsa ta zuwa Damagaram.

SANIN RUWA KAFIN SAYEN JIRGI

Kuskure na farko shi ne mutum ya sayi jirgi, sa'an nan ya nemi ruwan da zai sa shi. Ruwan wannan yanki ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya a jihar Difa, daga kogunan Hadejiya da Jama'are yake samun ruwa; yakan iso da damina, ya cika bayan kaka, ya janye da rani, kuma madatsun Tiga (1974) da Calawa (1992) sun sake yadda yake sauka. Tafkin Cadi, da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25.000 a 1963, ya rabu gida biyu bayan farin 1973, har ɓangaren arewa, wato na Nijar, ya yi shekaru yana ƙafewa. Da ruwa ya komo, sai ya tarar da dajin ƙaya ya tsiro a inda dā ake tuƙi, kututturansa suna nan ƙarƙashin ruwa suna jiran ƙasan jirgi. A fadamar Hadejiya da Nguru kuwa, ciyawar kacala ce take shaƙe hanyoyi irin su mashigin Marma, sai an sara ake wucewa.

Ke nan yawancin tafiyar cikin ƙunƙuntun hanyoyi ake yin ta, marasa zurfi, masu ciyawa da kututture. Irin wannan ruwa jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yake so, mai faɗi, wanda ba ya nutsa sosai. Dogon jirgi mai zurfin ciki irin na kogin Kwara, wanda ake gani a Gaya da Yawuri, yana da kyau a wurinsa, amma a nan zai riƙa zama bisa laka, kuma juyawa cikin lungu za ta gagare shi.

DUBAN KATAKO

Araha ba ta ado. Tsohon jirgin da aka shafe da sabon fenti, a tudu ake duban sa, ba cikin ruwa ba. Mai saye ya sa a kifa shi, ya bi katako ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa: inda wuƙa ta shige da sauƙi, nan ya ruɓe. Wuraren da suka fi cin amana uku ne: mahaɗin ƙasa da gefe, ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi inda ruwa yake kwana, da katakon baya inda ake ɗaura inji, domin shi yake shan girgiza duka. Baƙin zobe kewaye da ƙusa alama ce ta tsatsa ta ci ta daga ciki. Jan katako ya fi farin katako tsada, amma ya fi shi jure ruwa da gara. Ƙusa kuwa a nemi wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, musamman in jirgin zai ɗauki kanwa ko gishiri, waɗanda suke cin ƙarfe kamar yadda mutumin Bune ya sani a gindin kwanonsa.

Jirgi ba ya barin gaɓa sai da waɗannan: gora biyu na tunkuɗawa, filafili biyu, igiya mai ƙwari gaba da baya, bokiti biyu na kwarfe ruwa, adda ta saran ciyawa, tocila, tamfol, guntayen katako da ƙusa da tsumma da kwalta na toshe ɓaraka, da rigar ceto ga kowane mutum. Rigar ceto a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin buhu ba. Jarka wofi mai murfi, in an ɗaura mata igiya, takan riƙe mutum bisa ruwa, amma ba ta maye gurbin riga.

KULA DA INJI

Injunan da suka fi yawa a wannan ruwa, irin na Yamaha masu ƙarfin doki 15 zuwa 40, da gaurayen fetur da mai suke aiki. Ga akasarinsu, awon shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato rabin lita na mai cikin lita 25 na fetur. Sabon inji kuwa akan ninka masa man a sa'o'insa na farko. Abin da littafin injin ya faɗa shi za a bi. Matuƙin da ya rage mai don ya ci rarar kuɗi, injin maigidansa yake ƙonawa, kuma baƙin man mota ba ya maye gurbin man da aka yi domin irin wannan inji. Fetur na kwalba a tace shi da tsumma mai tsabta, a bar shi ya kwanta, domin ruwa da rairayi su ne suke kashe inji a tsakiyar tafiya.

Akwai wani siririn ruwa da yake tsartuwa daga bayan inji yayin da yake aiki. Shi ne shaidar ruwan sanyaya yana zagayawa. In ya tsaya, a kashe inji nan take, a duba ko ciyawa ko leda ta toshe mashayar. Ƴar robar da take tura wannan ruwa ba ta jure aiki a bushe, don haka ba a tayar da inji a tudu don gwaji. Rairayi ma yana cinye ta, sai a sake ta kowace shekara. A riƙa cire farfela ana warware zaren koma da yake naɗewa a bayanta, domin shi yake yanke robar da take hana ruwa shiga giya. In man giya ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga ke nan. Buji biyu, farfela guda da igiyar tayarwa, su zauna a akwati kullum.

LODI

A nan ne rai yake. Ranar 30 ga watan Nuwamba na 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai cikin jihar Kano, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara ƴan makarantar Islamiyya, kuma hukumomi sun ɗora laifin bisa lodin da ya wuce kima. Ba teku ba ce, ruwan madatsa ne da mutanen wurin suke ƙetarawa kullum.

Magani mai sauƙi ne. Mai jirgi da kansa ya tsaya a ja layi da farin fenti a gefen jirgi, dama da hagu, a ƙalla kamu ɗaya ƙasa da baki. In ruwa ya taɓa layi, lodi ya ƙare, ko buhun wane ne ya rage a gaɓa. Kaya masu nauyi, kamar hatsi da kanwa, su zauna ƙasa kuma a tsakiya, bisa itatuwan da aka shimfiɗa don kada su jiƙe. Kwalayen banda da buhunan tattasai ba su da nauyi, amma suna da yaudara: in an jibga su sama sai su zama bango, iska ta samu abin turawa. Dabbobi a ɗaure su, domin sa guda in ya motsa zuwa gefe ya isa ya karkatar da jirgi. Ruwan da ya taru a ciki kuwa kaya ne da ba ya biyan kuɗi: kowace lita kilo guda ce, kuma duk inda jirgi ya karkata nan yake gudu ya ƙara nauyi. Yaron kwarfe ba ya barci.

TUƘI CIKIN ƘUNCI

A Faransa akwai hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Canal du Midi, wadda aka buɗe a 1681, mai tsawon kilomita 240. Dokarta ba ta yarda jirgi ya wuce kilomita 8 a awa ba, saboda igiyar ruwan da yake tayarwa tana cin gaɓa, tana jijjiga na kusa. Dalilin bai bambanta da na Marma ko na Komadugu ba. A cikin ƙunci a rage wuta, musamman kusa da ƙaramin kwale-kwalen masunci ko wurin da mata da yara suke wanki. In jirage biyu sun yi karo da juna, ƙa'idar duniya ita ce kowa ya kama damarsa; ya kamata kuma mai wofi ya ba mai kaya hanya. A kwana, mutumin goshi ya tsaya da gora yana auna zurfi. In ruwa ya yi ƙasa, a ɗaga inji a koma ga gora. Dumba da komar masunta dukiyar mutane ce. A nemi ƙofar da suka bari, kada a keta.

A buɗaɗɗen tafki, rashin zurfi ba ya hana haɗari, domin ruwa marar zurfi ya fi saurin tayar da gajerun igiyoyi masu tsaye. Iskar hunturu da hantsi take ƙarfi, hadarin damina kuwa daga gabas yake tasowa, galibi da yamma. Tafiyar dare a bar ta, kuma inda aka ga dorina da ɗanta a ba ta fili. Batun tsaro ma yana nan: tun daga hare-haren 2015, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka kwashe mutanen tsibirai, aka hana su da cinikin kifi har zuwa 2019, akwai sassan tafkin da shigar su sayar da rai ne. Kada jirgi ya tashi sai an ji ta bakin hukuma da shugabannin masunta na wurin.

AIKIN RANI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ruwa ya janye, a fitar da jirgi, a ɗora shi bisa gungume don kada gara ta same shi, a yi masa rumfar zana. Jirgin da aka bari a rana da iskar hunturu, katakonsa yakan tsuke, mahaɗai su buɗe. A kankare gansakuka da tsohuwar kwalta, a sake duk katakon da wuƙa ta tona asirinsa, a cusa sabuwar auduga ko tsumma cikin mahaɗai, a bi da kwalta mai zafi. Kafin lodin farko a bar shi cikin ruwa kwana biyu ko uku, katako ya kumbura, a ga inda yake yoyo. Inji kuwa a zubar da fetur ɗin da ya rage a cikinsa, a sake man giya, a ajiye shi a tsaye cikin ɗaki, a rufe shi saboda ƙura.

Dukan wannan kuɗi ne, kuma a nan alhakin mai jirgi yake fitowa fili. Wanda ya yanka wa matuƙi kuɗin da zai kawo kowane mako, ko ruwa ya cika ko ya janye, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, shi ne ya ɗora buhun ƙarshe da ya nutsar da jirgi, ko da yana zaune a inuwar dabino a Bune. Rabo bisa ribar da aka samu ya fi adalci, bayan an fitar da kason gyara an ajiye shi daban. Kuma ya kamata mai jirgi ya taka ƙafa ya je gaɓa, a ƙalla sau biyu a shekara, da wuƙarsa da gwangwanin fentinsa. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne; amma ba wanda yake sakin raƙuminsa a daji babu dabaibayi, sa'an nan ya ce ƙaddara ce ta ɓatar da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba yadda ake ajiye bandar kifi a sito ba tare da ƙwari sun cinye jari ba. Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa.