Ƙorafi Kan Rashin Maganin Ƙurajen Ɓari Ɗaya a Asibitinmu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya,

Ranka ya daɗe, mu ne masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki a babban asibitin garinmu, muka zo da kukanmu.

Akwai wasu ƙuraje da ke gallaza wa waɗanda ciwon ya ci ƙarfinsu a cikinmu, musamman masu ƙwayoyin garkuwa na CD4 ƙasa da 200. Ƙwayar ƙarambau ce ta yarinta. Ba ta barin jiki, laɓewa take a jijiya, da garkuwa ta yi rauni sai ta taso. Da zogi take farawa a ɓari ɗaya, sannan ƙuraje masu ruwa su jeru daga gadon baya zuwa ƙirji kamar ɗamara. Ko riga ce ta shafi wurin, sai ka ga magidanci yana hawaye. In ta fito a goshi tana iya cinye ido, in kuma garkuwa ta yi ƙasa sosai takan bazu ko'ina har sai an kwantar da mutum.

Likitocin da kansu suka ce mana maganinta, asaikilobiya, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, ana sha sau biyar a rana. To, nan gizo ke saƙar. Ka je ranar da ba taka ba, a ce ka dawo ranar ganin likita. Ka samu ganinsa, a miƙo maka takarda, wai babu a ɗakin magani, ka sayo a kemis. Wanda ciwo ya raba da sana'arsa, da me zai saya? Kafin ya haɗa kuɗin kwana ukun sun wuce. Ƙurajen su bushe, raɗaɗin ya zauna watanni yana hana barci. Wasu kam sun haƙura sun koma shafa toka da sassaƙe, miki ya ruɓe.

Ba mu raina maganin da ake ba mu kyauta ba, Allah ya saka. Roƙonmu dai a ajiye asaikilobiya a tagar da muke karɓar namu, kyauta shi ma, tare da maganin raɗaɗin jijiya. A ba da umarni duk mai waɗannan ƙuraje a duba shi ranar da ya zo. Wanda tasa ta kusanci ido kuwa, a miƙa shi ga likitan ido kafin a tashi aiki.

Mun sakaya sunayenmu saboda tsangwama, amma a shirye muke mu turo wakilai ofishinka duk ranar da ka sa.



Mu ne naka,
Masu karɓar magani a babban asibiti