Sarkin Yaƙi Mai Ɗamara Tara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna da sauran masu karatu wani abu da ya faru a makarantarmu, a nan karkarar da ke tsakanin Bichi da Dambatta. Ran da ya faru dariya na sha har da hawaye, amma da na kwana a kansa sai na ga akwai magana a ciki.

Da kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, aka tuge gyaɗa, sai muka shirya wa iyayen yara wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, kamar yadda muka saba. Labarin na wani Sarkin Yaƙi ne na zamanin da, wanda mahara suka kore wa garinsu shanu, ya bi sawu ya ƙwato. Yaron da muka ba wannan matsayi ɗan aji shida ne, ga ƙwazo ga murya. Na ce masa ya je ya nemo kayan yaƙi. Ran wasa sai ga shi ya fito ɗaure da ɗamara tara, irin ta Turawa mai kan ƙarfe, wadda a ke kira bel. Waɗansu ya aro wurin yayyensa, waɗansu kuwa ya samo wurin mai gwanjo ran kasuwar Dambatta. Uku a kugu, biyu ya gicciya a ƙirji, ɗaya a kowace cinya, ɗaya a damtse, ta taran kuwa a wuya, sai ka ce bunsurun da za a kai kasuwa.

Na ce, "Kai, wa ya gaya maka haka mayaƙa su ke shiri?" Ya ce, "Malam, ai haka jarumai su ke, na gani a wayar yayana." Jama'a sun riga sun taru, babu damar sakewa, na bar shi ya shiga. To, da aka zo wurin da zai zabura ya bi mahara, ya yi tsalle ɗaya, sai mazagin wandonsa ya tsinke. Duk ɗamarun nan tara bisa riga ya ɗaura su, babu wadda ta san da zaman wando. Haka Sarkin Yaƙinmu ya ƙare yaƙinsa, hannu ɗaya riƙe da takobin kara, ɗaya riƙe da wando. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ran nan kuwa na gani da idona.

Cikin taron akwai wani tsoho, kakan ɗaya daga cikin yaranmu, wanda ya yi tauri da farauta a ƙuruciyarsa. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Wanshekare ya same ni a gindin darbejiyar makaranta, muka gaisa, ya ce, "Malam, abin da yaron nan ya ɗaura jiya, maganin mene ne?" Na ce, "Baba, ba maganin kome ba ne, ado ne." Ya yi shiru, kana ya ce, "Ashe yanzu mutum ya kan ɗauki kaya ya ɗora wa cikinsa don ado?"

Daga nan ya shiga lissafa mini kayan mazajen da, ni kuwa na ɗauko alkalami. Ya ce guru shi ne na fata da a ke ɗinkewa da magani a ciki a ɗaura a kugu. Kambu a damtse a ke sa shi. Daga ta ƙarfe ce, ita ma a hannu. Laya kuwa kowa ya san ta. Warki na fata ne, shi ke kare cinya daga ƙaya da kaifin fartanya. Hamila ita ke riƙe takobi a kafaɗa. Ya ce cikin magungunan ma kowane da sunansa da abin da masu shi su ke nufi da shi: tauri don kada ƙarfe ya ci jiki, sagau don hannun abokin gaba ya sage, kau-da-bara don a auna mutum a kuskure, baduhu da layar zana don a ɓace wa ido. Hukuncin ɗaura waɗannan abubuwa na bar wa malamai, sun daɗe suna magana a kai, kuma ba shi ya kawo ni ba yau. Abin da na riƙe cikin zancen tsohon shi ne, babu wani abu da mutumin da ya ke ratayawa a jikinsa wanda ba zai iya gaya maka sunansa da aikinsa da wanda ya ba shi ba. Ya ƙara da cewa gurun gaske ƙarƙashin riga ya ke kwana. Ba a fito da kaya fili sai ran wasa, kamar ran da 'yan hoto ke cilla garma sama a gaban Sarkin Noma, ko ran da gardi ya fito da kurarsa, ko 'yan tauri sun ji ganga a hawan salla. Ya ce in ka ga mutum ya jibga guraye ya tafi kasuwa ranar da babu kiɗa, to ko mai talla ne, ko matsoraci.

Wannan magana ta sa na karɓi wayar yayan yaron na duba jaruman nan da kaina. Jama'a, na ga abin mamaki. Akwai wani wasan kwamfuta na mutanen Japan mai suna Final Fantasy X, wanda ya fito a 2001. A cikinsa akwai wata mace matsafiya, Lulu, wadda gaban zanenta tun daga kugu har ƙasa ɗamaru ne zalla, an saƙa su kamar asabari. Wanda ya zana ta, Tetsuya Nomura, ya yi suna a kan son ɗamara da zif, har masu wasan su kan yi masa ba'a da haka. A Amurka kuma akwai wani mai zanen littattafan hotuna, Rob Liefeld, wanda a 1990 ya fito da wani jarumi mai suna Cable, ƙato, ɗaure da ɗamaru a ƙirji da cinya, kowace da 'yan jakunkuna jere, amma da wuya mai karatu ya ga an buɗe ɗaya an ciro ko da allura. A shekarar nan kuma aka yi fim ɗin Edward Scissorhands, inda Johnny Depp ya fito cikin baƙar fata mai ɗamaru tun daga wuya har idon sawu. Wanda ya tuna hoton mawaƙin nan Michael Jackson a faifansa na Bad, na 1987, ya san irin shigar da na ke nufi.

Kada a ce na yi musu rashin adalci, abin yana da asali. Mutanen Pancho Villa, da suka yi yaƙin juyin mulkin Meziko da ya tashi a 1910, su kan gicciya ɗamara biyu a ƙirji, gama harsashi ke ciki, kuma mutumin da ke bisa doki nesa da gida ba shi da rumbun da ya wuce jikinsa. Masu fim ɗin kaboyi suka mai da wannan shiga alamar ɗan fashi. Waɗanda suka kalli Sholay na Indiya, na 1975, a sinimomin Kano, ba su manta Gabbar Singh da ɗamarar harsashinsa ba. Guda ɗaya ce, amma da ya fito da ita yara su kan yi tsit. Batman ma, tun 1939 da aka ƙago shi, da ɗamara guda aka san shi, kuma duk sa'ad da ya shiga ƙunci daga cikinta ya ke ciro mafita. Watau da can ɗamarar labari tana da aiki, kamar gurun tsohon nan. Sannu a hankali masu zane suka lura ido yana son ƙyallin ƙarfe da layin fata, suka riƙa ƙarawa, har aikin ya gudu ya bar adon.

Ni a ganina dalilin bai wuce wannan ba: nuna jaruntaka aiki ne mai wuya, zana ɗamara kuwa aikin minti biyu ne. Kafin mai labari ya sa ka yarda wane jarumi ne, sai ya kai shi inda tsoro ya ke, ya nuna maka ƙafarsa tana rawa amma bai juya ba. Wanda ya ga wannan hanya ta yi masa nisa sai ya yanke, ya jibga wa mutuminsa fata da ƙarfe, ya ce da kai ga jarumi nan.

Da abin ya tsaya a Japan da Amurka da ban ɓata maka fili ba, Edita. Amma mu ma muna da namu. Tun da 'yan Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka yaɗu har ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. To, ku dubi yadda a kan shirya boka a yawancinsu: jan ƙyalle, ƙaho, madubi, da guraye da layu tuli, wani a kugu, wani a goshi, wani a inda ba a taɓa ɗaura guru ba tun da aka kafa Dala. Haka mafarauci, haka ɗan fashi, haka wawan da a ke so a yi wa dariya, duk buhu ɗaya a ke zazzage musu. Yaron da ya tashi da wannan kallo, in ya buɗe akwatin kakansa ya ga kambu, me zai ce kakan nan nasa ya ke? Ko mugu, ko abin dariya. Alhali mutumin nan shi ya kwana a gona yana tsaron amfanin unguwa.

Ga kuma tarihi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Shekara ɗari shida ke nan muna da kayan yaƙi namu na kanmu, ana kuwa ganinsu har yau a hawan salla. Amma ɗan aji shida a ƙasar Kano, da aka ce ya yi shigar Sarkin Yaƙi, sai da ya tafi Japan aro. Laifin ba nasa ba ne. Ni ne malaminsa, ni na ce ya nemo kayan yaƙi, ban kuwa taɓa nuna masa ko hoton ɗan lifidi ba.

In ana neman shaidar cewa ba yawan kaya ke yin ɗan wasa ba, a tuna da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Kakin soja ne kurum da ɗamara guda. Amma da ya buɗe baki ya haɗa Hausar bariki da Turanci ya daka tsawa, ko a rediyo ka ji shi, inda ba ka ganin kome, ka san soja ya iso. Shi ya yi aikin soja da gaske, ya san abin da ya ke kwaikwaya.

Saboda haka ina roƙon masu shirya fim da masu rubuta littattafai, kafin ku ɗaura wa mutuminku wani abu, ku tambayi dattawa sunansa da wurin ɗaura shi. Ba su yi nisa ba, suna nan a Kunci da Makoɗa da Tsanyawa da Ɓagwai, kuma ba su karɓar ko kwabo a kan zance. Dukawa ma suna nan, a birni har unguwa gare su mai sunansu kusa da Kurmi. Jar fatar akuyar ƙasar nan ita ce a da fatake ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Badukun garinmu kuwa yau gyaran takalmin roba ya fi yi. Ku kuma masu karatu na Katsina da Sakkwato da Zazzau da Maraɗi, ina so ku rubuto mana sunayen da ku ke kiran waɗannan kaya a wajenku, gama na ji waɗansu suna cewa karhu, ina so mu tara su tun masu sani suna da rai.

Game da wasan baɗi, mun riga mun shirya da tsohon. Shi zai yi wa Sarkin Yaƙi shiri da hannunsa. Baduku zai ɗinka mana guru ɗaya da kambu ɗaya, a cusa tsumma a ciki, da hamila, ladansa kuwa daga aljihuna. Yaron da ya yi na bana ya roƙa a sake ba shi kafin ya tafi sakandare, na ce sai dai ƙanensa. Ƙanen kuwa ya zo jiya yana tambaya ko za a bar shi ya ƙara bel biyu kacal, don kada abokansa su ce Sarkin Yaƙin bana talaka ne. Na tura shi wurin tsohon. Uwarsa kuma na aika mata ta sa masa sabon mazagi.

Haza wasalam.

Naka,
Malamin Ƙauye, ƙasar Dambatta.