Ɓacin Ran Masoyin Atlanta Braves, da Wanda Ya Cancanci Tuhuma

A ƙasar Amurka, inda wasan besbol yake da daraja irin wadda ƙwallon ƙafa yake da ita a wurinmu, akwai wani nau'in baƙin ciki da ba ya samun masoyan ƙungiyoyin da suka saba da shan kashi, sai dai masoyan waɗanda suka saba da rinjaye. Kuma in ana neman mutanen da suka ɗanɗani wannan baƙin ciki har ya zame musu jiki, to, ba sai an wuce birnin Atlanta ba. Ƙungiyarsu, Atlanta Braves, ta zo ta ɗaya a rukuninta sau 14 a jere tsakanin 1991 da 2005, in aka ɗebe 1994 da yajin aikin 'yan wasa ya katse kakar, ta kai wasan ƙarshe da ake kira World Series har sau biyar, amma duk da tana da gwanayen jifa uku da aka yi ittifaƙi a kan fifikonsu, wato Greg Maddux da Tom Glavine da John Smoltz, sau ɗaya tak ta ɗauki kofi, a 1995. Tun daga 2002 kuwa har 2019 ba ta tsallake zagaye ko guda ba a wasannin fitar da gwani.

Abin da masoyi yakan ce idan watan Oktoba ya zo masa da irin wannan sakamako sananne ne: 'yan wasan nan ba su da zuciya, suna ganin taro sai gwiwarsu ta yi sanyi, kocin kuma a sallame shi. Ba na ganin laifinsa don ya fusata, domin mutumin da ya yi wata shida yana bibiyar wasa kusan kullum, ya sayi tikiti, ya hana idonsa barci, sannan a rushe masa komai cikin kwana biyar ko shida, yana da haƙƙin ya yi ƙorafi. Yana ma da 'yan hujjoji a hannu. A World Series na 1996 Braves ta ci ƙungiyar Yankees ta New York wasa biyu na farko a cikin New York, a wasa na huɗu tana gaba da maki 6 da nema, ta bari aka farke, aka cinye ta, daga nan ba ta sake ɗagowa ba; a 2019 kuma St. Louis Cardinals ta zuba mata maki 10 a turmin farko na wasan raba-gardama, tun wasu 'yan kallo ba su gama samun wurin zama ba. Sai dai tuhumar da yake yi ta tsoro da raunin zuciya, idan aka ɗora ta a mizani, ba ta da bayyinar da za ta tsayar da ita.

Dalili kuwa yana cikin ɗabi'ar wasan kansa. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kuma wannan yawa yana da hikima, saboda besbol wasa ne da tazarar gwani da na baya ba ta fitowa a rana guda: mai bugun da ake yi wa kirari, cikin zuwa goma, sau bakwai yakan koma hannu rabbana, mai jifan da ya buɗe wasan yau ba shi zai buɗe na gobe ba, ƙwallon da aka doka da ƙarfi yakan faɗa hannun mai tsaro, wanda aka goga da kyar kuma ya sauka inda babu kowa. Shi ya sa ƙungiyar da ta fi kowa takan sha kashi sau hamsin da wani abu ko sittin a shekara, wadda ta fi kowa lalacewa kuma galibi ba ta rasa cin kusan sulusin wasanninta. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa ana gina hukunci a kan galibi, ba a gina shi a kan nadiri. To wasa 162 su ne galibin, zagayen da ake yanke shi da cin uku cikin biyar kuwa ɗan loma ne da sa'a take iya juya shi yadda ta so. Lamarin ya yi kama da a tsinci dami ɗaya a bakin gona a ce da shi za a auna noman mutum na damina sukutum.

Tarihin Braves na kusa ya ishe mu shaida, har ma ya fi ƙarfin abin da mai gardama zai nema. A 2021 ta ci wasa 88 kacal, mafi ƙaranci cikin ƙungiyoyi goma da suka shiga fitar da gwani, babban tauraronta Ronald Acuña Jr. yana jinyar gwiwa tun watan Yuli, sai da aka shiga Agusta kafin cinta ya rinjayi faɗuwarta. Amma da 'yan wasan da ta tsinto a tsakiyar kaka, irin su Jorge Soler da Eddie Rosario, ta kawar da Los Angeles Dodgers mai cin wasa 106, ta doke Houston Astros, ta ɗauki kofi. Bayan shekara biyu ta ci wasa 104, ta buga ƙwallo waje da fili sau 307, adadin da babu wanda ya taɓa wuce shi a kaka guda, sai ga Philadelphia Phillies, wadda ta bari a baya da tazarar wasa 14, ta fitar da ita cikin wasa huɗu, maki takwas kawai Braves ta iya haɗawa. Haka ma aka yi a 2022, abokiyar karawa ɗaya, tazara ɗaya. Duk wanda ya ce tawagar 2021 jarumai ce, ta 2023 matsorata, alhali koci ɗaya ne, Brian Snitker, kuma da yawa daga cikin mutanen su ne dai, to wajibi ne ya gaya mana a wace kasuwa aka sayar da jaruntar.

Inda ya kamata fushin ya dosa, a ganina, shi ne wurin masu tsara gasar. Har zuwa 1968, ƙungiyar da ta fi cin wasa a kowane ɗaya daga cikin manyan ɓangarori biyu na gasar kai tsaye take wucewa World Series, kusan yadda teburin gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila yake ba mai yawan maki kambu ba tare da wata jarrabawa ba. Daga 1969 aka shigo da zagaye guda, a 1995 masu shiga suka zama takwas, a 2012 goma, a 2022 kuma 12 cikin 30. Kowane ƙari yana kawo wasannin da gidajen talabijin suke biya da tsada, yana kuma rage ƙimar wahalar wata shida. Masu kare tsarin suna da uzuri, kuma ba na raina shi: a 1993 San Francisco Giants ta ci wasa 103 ta zauna a gida don Braves ta ci 104, wanda kowane mai insafi zai kira shi zalunci, sannan buɗe ƙofa yana sa garuruwa da yawa su ci gaba da sa rai har Satumba. Amma gyaran zalunci guda bai wajabta a kai ga inda ƙungiya mai cin wasa 84, kamar Arizona Diamondbacks a 2023, za ta isa wasan ƙarshe ba, alhali uku da suka ci ɗari ko fiye duk sun faɗi a karonsu na farko.

Da za a nemi shawarata, da na ce a mayar da zagayen wasa biyar ya zama bakwai, a rage hutun kwana biyar da ake ɗora wa waɗanda suka zo kan gaba, wanda masu bugu suke kukan yana dakusar musu da ido, a kuma ba ƙungiyar da ta fi cin wasa a kaka kofi mai nauyi da za a riƙa ambatonsa. Ko da haka ba za a kori sa'a daga fili ba, domin Braves ta 1991 zagayen wasa bakwai ta buga da Minnesota Twins, aka kai turmi na goma a wasa na bakwai babu wanda ya ci, sannan ta faɗi da maki ɗaya.